Faɗin Kan Keke da Tuƙi Cikin Cunkoso: Darasi Daga Titunan Minna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Mobil da ke tsakiyar garin Minna da misalin ƙarfe takwas na safe, ko a Kpakungu bayan la'asar, ya san abin da ake kira cunkoso. Mota na bin mota, Keke Napep na kutsawa ta kowace kafa, mai babur na neman inda zai cusa kai, masu talla kuma na ratsawa da farantai a ka. A cikin wannan hayaniya akwai wani bawan Allah da ba a cika lura da shi ba, wato mai keke. Ba shi da inji, ba shi da gilashi ko ƙarfen da zai kare shi. Abin da kawai yake riƙe da shi shi ne kan kekensa.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama suka waiwayi keke. Wasu sun kakkaɓe na iyayensu, wasu sun sayi na gwanjo. Daga nan sai wata ɗabi'a ta ɓulla a tsakanin matasa: da zarar mutum ya ga kan kekensa ya yi masa faɗi a cikin cunkoso, sai ya nufi wurin mai gyara a sa masa zarto. Wannan maƙala za ta duba abin da faɗin kan keke yake yi wa mahayi, da abin da ake samu da wanda ake rasawa idan an rage shi, da kuma yadda mutum zai zaɓi faɗin da ya dace da jikinsa da titin da yake bi.

2.0 Mene ne Kan Keke?

Kafin mu shiga awo, ya kamata a matsayinmu na ɗaliban harshe mu tantance kalmomi. A Minna ta yau idan ka ce "keke" yawancin mutane za su ɗauka kana nufin mai ƙafa uku na haya, wanda ya samo sunansa daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. A nan muna magana ne a kan keken hawa mai ƙafa biyu, wanda dattawa ke kira basukur, wasu kuma su yi masa kirari da dokin ƙarfe.

Bahaushe ya raɗa wa sassan keke suna ta hanya biyu. Wasu ya aro su daga Turanci ya gyara musu zama, kamar feda da birki da taya da kariya. Wasu kuwa ya ɗauko su daga jikin doki da kayan hawansa, kamar sirdi da ƙafa da wuya da kai. Kan keke shi ne ƙarfen nan da ke gicciye a gaba, wanda mahayi ke riƙewa da hannu biyu yana juya ƙafar gaba. A jikinsa ake ɗaura robar riƙo da hannun birki da ƙararrawa. Ni da ban tashi da Hausa a gida ba, na daɗe ina rikita "kan keke" da "a kan keke", har sai da wani mai gyara ya ce mini: "Kai ake ja, jiki ya bi." Aikin da linzami ke yi wa doki shi kan keke ke yi wa keke.

Faɗin kan keke kuwa shi ne tsawon da ke tsakanin bakinsa na dama da na hagu. Tef ɗin tela ya isa a auna shi. Muhimmancinsa shi ne, a keken da ba a ɗora wa kaya ba, babu wani sashe da ya kai shi faɗi. Saboda haka shi ne ma'aunin da idon mahayi ke amfani da shi wajen yanke hukuncin ko zai wuce ta wata kafa ko ba zai wuce ba.

3.0 Ire-iren Kan Keke da Awonsu

Siffar keken da muka sani a yau, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, ta samo asali ne daga keken Rover da John Kemp Starley ya ƙera a garin Coventry na Ingila a 1885. Daga wancan lokaci zuwa yau an yi ta sauya siffar kai gwargwadon aikin da ake so keke ya yi. A titunan Minna ana iya ganin iri huɗu:

(a) Kan keken dattawa, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin. Wannan yana lanƙwasowa baya wajen mahayi, faɗinsa yakan kama daga santimita 50 zuwa 60. Mahayi na zama a miƙe, yana ganin gabansa sosai. Birkinsa na sandunan ƙarfe ne da ke haɗe da kan, don haka ba a yanke shi.

(b) Kan keken tsere, mai lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Faɗinsa yawanci santimita 38 zuwa 44 ne. An yi shi ne domin mahayi ya duƙa ya rage karo da iska.

(c) Miƙaƙƙen kai na kekunan gari, wanda faɗinsa ke tsakanin santimita 56 da 66.

(d) Kan keken hawan dutse, mai manyan tayoyi da giya da yawa. Na zamanin nan kan kai santimita 72 zuwa 80, domin an yi shi ne don jeji da gangare, inda ake buƙatar ƙarfin riƙo. Irin wannan yana da yawa a cikin kekunan gwanjo, kuma shi ne aka fi kai wa zarto.

Idan muka kwatanta, faɗin Keke Napep kimanin santimita 130 ne, ƙaramar mota kuwa 170 zuwa 180. Mai keken da kansa ya kai 78 ya kusa kamo faɗin babur, ko ma ya kamo shi. A ƙasar Holan, inda keke ya zama abin hawan kowa da kowa, doka ta ƙayyade kada keke mai ƙafa biyu ya wuce santimita 75 a faɗi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 cewa kan keken tseren titi kada ya gaza santimita 40, saboda 'yan tsere sun yi ta ƙuntata shi har abin ya zama barazana ga lafiyarsu. Ashe ke nan faɗi yana da iyaka ta sama, yana kuma da iyaka ta ƙasa.

4.0 Abin da Faɗi Ke Yi wa Hannu

Kowa ya taɓa ganin bakanike yana fama da notin taya da ya ƙi kwantuwa. Abin da yake yi shi ne ya zura bututun ƙarfe a hannun sifana don ya ƙara masa tsawo, sai notin ya saki ba tare da ya ƙara ƙarfi ba. Wannan ƙa'ida ita ce ke aiki a kan keke. Wuyan keke shi ne notin, kowane ɓari na kan kuma shi ne sifanar.

Mu ɗauki misali. Idan faɗin kai santimita 60 ne, kowane hannu yana nesa da wuya da kimanin santimita 30. Idan aka yanke shi ya koma 40, nisan ya zama 20. Yayin da tayar gaba ta bugi dutse ko ta faɗa rami, ƙasa za ta fizgi ƙafar ta nemi karkatar da ita. Ƙarfin da mai kai 40 zai sa don ya tsayar da wannan fizga ya ninka na mai kai 60 sau ɗaya da rabi.

Abu na biyu shi ne saurin juyi. Idan mai kai 60 ya motsa hannunsa da santimita 5, ƙafar gaba za ta juya da kusan digiri 10. Mai kai 40 kuwa, wannan ɗan motsi zai juya masa ita da digiri 14. Ma'ana, guntun kai yana mayar da ƙaramin kuskure babba. Firgita kaɗan daga ƙarar odar tirela, ko waiwaye, ko sakin hannu ɗaya don nuna alamar kwana, duk suna iya sa keke ya yi tangaɗi.

Shi ma kai mai faɗi da yawa yana da nasa aibi. Yana buɗe hannuwa har kafaɗa da wuyan hannu su gaji, yana jawo ƙirji gaba, sannan bakinsa yana iya kama madubin mota ko ƙarfen gefen Keke Napep ko rigar mai tafiya a ƙasa. Kuma duk abin da ya taɓa bakin kan keke yana tafiya, ko da a hankali ne, to ya juya ƙafar gaba ke nan, faɗuwa ce ke biyo baya.

To me ake samu idan an yanke? Wanda ya rage kai daga 60 zuwa 44 ya samu santimita 8 ne kacal a kowane gefe, wato kimanin faɗin tafin hannu. Bugu da ƙari, kafaɗun baligi da damatsansa sukan kai santimita 45 zuwa 50, ban da gwiwar hannu da babbar riga da jakar littattafai. Duk yadda aka ƙuntata ƙarfe, jikin mutum yana nan yadda yake. Haka kuma keke ba ya tafiya a kan layi ɗaya kamar jirgin ƙasa; yana ɗan kaɗawa dama da hagu, musamman a tafiyar hankali. Shi ya sa masu tsara hanyoyin keke a Birtaniya ke lissafa wa mahayi ɗaya faɗin mita guda yayin da yake tafiya.

5.0 Halin Titin Minna

Minna ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, ta kuma zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Garin ya miƙe ne a kan doguwar hanya guda, daga Chanchaga ta Tunga zuwa Mobil, ta zarce Bosso har Maikunkele, ga kuma hanyar Bida da ta bi ta Kpakungu zuwa Gidan Kwano inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya take. Saboda wannan tsari, kusan kowa sai ya hau waɗannan manyan tituna, babba da ƙarami.

Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Nijeriya, don haka gefen dama shi ne rabon mai keke. Amma a wannan gefen ne Keke Napep ke tsayawa ba zato don ɗauka ko sauke fasinja. A nan ne motoci ke fakin suna buɗe ƙofa. A nan ne ruwan damina ke tara yashi da tsakuwa, a nan ne bakin kwalta ke gutsurewa, kuma dab da shi ne buɗaɗɗen lambatu yake. Ayyukan faɗaɗa tituna da aka shiga yi a garin daga 2023 sun ƙara wa mahaya wani gwaji na ƙura da ɓuraguzai da kewaye.

Wannan ya nuna cewa mai keke a Minna yana fuskantar matsaloli biyu masu cin karo da juna. Cunkoso na neman kai marar faɗi, ƙasar da tayarsa ke takawa kuma na neman kai mai faɗi. Wanda ya kalli ɗaya ya manta da ɗaya zai ji a jikinsa, kamar yadda na ji.

6.0 Abin da Ya Same Ni

A hutun damina na 2023 na sayi keken gwanjo mai kai santimita 72. Kwana uku da sayensa bakin kan ya goga madubin wata mota kusa da Mobil, direban ya wanke ni da zagi a bainar jama'a. Cikin fushi na nufi wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin bishiya na ce ya mayar mini da shi 46. Ya dube ni ya ce: "Ɗan makaranta, abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Mu rage kaɗan ka gwada." Na ce: "Baba, yanke kawai, na san abin da nake so." Ya yanke.

Mako biyu ina jin daɗi, ina ratsa tsakanin motoci ina ganin na fi kowa wayo. Ran nan da yamma bayan an ɗauke ruwa, na ɗauro rabin buhun garin rogo a kariya, na iso kusa da Kpakungu. Wata tirela tana tafiya a hankali a haguna, lambatu na damana, sai na ga kafa na shiga. Ashe akwai rami da yashi ya rufe. Tayar gaba na faɗawa, kan ya fizge daga hannuna, ban iya tsayar da shi ba. Allah ya taimake ni na faɗi ta wajen lambatu. Da ta hagu na faɗi, da wani ne ke ba da wannan labari. Na tsira da targaɗe a wuyan hannu da ƙujewa a gwiwa, gari kuwa ya zama rabon ruwa.

Da na koma wurin dattijon nan bai ce mini komai ba sai: "Garin neman gira ka tashi rasa ido." Ya nemo mini wani kai mai santimita 60, na biya kuɗin da ban shirya ba. Da na natsu na gane kuskurena biyu ne. Na rage wa hannuna ƙarfi, sannan guntun kan ya ruɗe ni na shiga wurin da bai kamata ko mai tafiya a ƙasa ya shiga ba.

7.0 Yadda Ake Zaɓen Faɗin da Ya Dace

Ga matakan da mai miƙaƙƙen kai zai bi kafin ya yarda a sa masa zarto:

Na ɗaya, auna jikinka. Ka kifa ciki ka dafa ƙasa da tafukanka kamar mai motsa jiki, a yadda ka fi jin ƙarfin ɗaga ƙirjinka. Wani ya auna daga gefen waje na hannun dama zuwa na hagu. Wannan awo shi ne mafarin lissafi. Ga yawancin manya masu yawo a gari, abin da ya dace yakan faɗa tsakanin santimita 56 da 64, wato ya ɗan ɗara kafaɗa. Mai ƙaramin jiki ya nufi ƙasa, mai faɗin ƙirji ya nufi sama.

Na biyu, duba aikinka. Mai ɗaukar doya ko gawayi ko jarkokin ruwa, da mai goyon yaro zuwa makaranta, da mai bin hanyoyin unguwa marasa kwalta, duk suna buƙatar ƙarin faɗi, domin nauyi a baya yana sa gaban keke ya yi sakayau.

Na uku, gwada kafin ka yanke. A sassauta hannuwan birki da robar riƙo a matsar da su ciki zuwa inda kake tunanin yankewa, ka hau na mako guda a haka. Idan ka ji keken na rawa, ka mayar da su.

Na huɗu, a rage kaɗan-kaɗan, santimita 1 a kowane gefe, kuma daidai wa daida. A tuna cewa tsakiyar kan ya fi bakinsa kauri. Idan aka yanke da yawa, hannun birki ba zai sami wurin zama ba.

Na biyar, a goge bakin da magagari, a toshe shi da roba. Buɗaɗɗen bakin bututu yana iya huda ciki ko cinya idan an faɗi a kansa, musamman ga yara.

8.0 Ladubban Ratsa Cunkoso

Kai mai kyau ba ya maye gurbin hankali. Ga wasu ƙa'idoji da suka danganci faɗi:

(i) Kada ka shiga kafar da ba ta bar maka aƙalla taki guda na hannu a kowane gefen kai ba. Idan sai ka matse gwiwar hannu za ka wuce, tsaya.

(ii) Kada ka taɓa shiga tsakanin tirela ko tanka ko tifa da bakin titi. Direban ba ya ganin ka daga inda yake zaune, kuma idan zai yi kwana tayoyin baya suna matsowa ciki fiye da na gaba.

(iii) Ka bar kimanin mita guda tsakaninka da motar da ke tsaye, saboda ƙofa. Ka ɗauka cewa duk Keke Napep da ke gabanka yana iya tsayawa yanzu.

(iv) Idan ka ɗauko kaya, ka auna kafa da faɗin kayan, domin sau da yawa kai ya wuce amma buhu ya maƙale. Kada a rataya leda mai nauyi a bakin kai.

(v) Yatsu biyu su zauna a kan birki a kowane lokaci, ƙararrawa kuma ta kasance inda babban yatsa zai kai gare ta ba tare da an saki riƙo ba.

Su ma direbobi suna da nasu haƙƙi. Dokar hanya ta Birtaniya da aka sabunta a 2022 ta umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. Ko a nan gida, a 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, wata motar bas ta ture shi daga kan kekensa a Abuja. Idan minista bai tsira ba, ina ga ɗalibi? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa kan keke ma'auni ne ga ido, kuma sifana ce ga hannu. Idan ya yi faɗi da yawa yana kama abin da ke gefe, idan ya yi ƙunci da yawa yana ƙwace wa mahayi ikon kekensa a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Mafi dacewa ga titunan Minna da makamantansu shi ne wanda ya ɗan ɗara kafaɗa. Mai keken hawan dutse yana iya rage nasa zuwa wannan awo a hankali, amma kada ya zarce.

Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai masu hawan keke da kowa ya ari tef ɗin tela a wannan mako, ya auna kafaɗarsa, ya auna kan kekensa, ya auna kayan da ya saba ɗaurawa a kariya. Wanda ya san waɗannan lambobi uku zai san kafar da ta ishe shi. Wadda ba ta ishe shi ba kuwa, ya sa ƙafa a ƙasa ya jira, domin Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.